Tambayoyi da amsoshi kan nisan Jidda da Kano da awannin da jirgin sama yake yi a tsakaninsu

Mu mazauna Makka da Jidda, da wuya mako ya wuce ba a kira ɗayanmu daga gida an tambaye shi awa nawa jirgi yake yi kafin ya sauka ba, ko dai saboda wata dattijuwa da za ta zo Umara, ko saboda ɗan uwan da zai koma ganin gida bayan shekaru. Amsar da aka saba bayarwa ita ce awa biyar. Ba ƙarya ba ce, amma wanda ya tsara tafiyarsa a kan wannan amsa kaɗai yakan sha mamaki, domin awannin da ake yi a sama su ne mafi sauƙin lissafi a cikin tafiyar gaba ɗaya.

Kilomita nawa ne tsakanin Jidda da Kano?

Idan aka ja layi mafi gajarta daga filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke arewacin Jidda zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, za a sami kimanin kilomita 3,420, wato mil 2,130 ko kusa da haka. Matuƙa jirgi suna lissafi ne da mil na teku, wanda ya fi mil na tudu tsawo, kuma a wannan ma'auni nisan bai wuce 1,850 ba. Saboda haka idan mutum ya ga alƙaluma uku mabambanta a wurare uku, kada ya ɗauka wani ya yi kuskure, ma'aunin ne ya bambanta.

Wannan layi yana tsallaka Bahar Maliya, ya ratsa hamadar arewacin Sudan, ya haye kogin Nilu a wajajen Dongola, ya shiga Chadi ta yankin duwatsun Ennedi, ya bi ta arewacin tafkin Chadi, ya ɗan taɓa jihar Diffa ta Nijar, sannan ya faɗa Nijeriya ta Yobe da Jigawa. Jirgi ba ya bin sa daidai wa daida, domin a sama ma akwai hanyoyi da aka shata waɗanda masu kula da zirga-zirgar jirage suke ɗora kowane jirgi a kansu, kuma hakan yana ƙara wa tafiyar ɗan tsawo ko da lafiya lau ake.

To awa nawa jirgi yake yi idan bai tsaya ko'ina ba?

Jiragen fasinja na wannan zamani suna gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa ɗaya idan sun daidaita a sama, a tsayin da ya kai kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Idan aka raba 3,420 da 850 za a sami awa huɗu da 'yan mintoci. Sai dai jirgi ba ya wannan gudu lokacin da yake hawa da lokacin da yake gangarowa, ga kuma tafiyar da yake yi a ƙasa daga inda ya ɗauki fasinja zuwa titin tashi, wadda a Jidda takan ci minti ashirin ko fiye a ranakun cunkoso. Idan aka haɗa duka, tafiya ta miƙaƙƙiyar hanya tana kamawa daga awa huɗu da rabi zuwa awa biyar. Wannan ita ce awa biyar ɗin da kowa ya haddace, kuma ita ce ta yi aiki shekara da shekaru kafin yaƙin Sudan ya ɓarke.

Me ya sa a 'yan shekarun nan ake jin mutane suna cewa sun yi awa shida ko bakwai?

Ranar 15 ga Afrilu, 2023, faɗa ya tashi a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF. Filin jirgin saman birnin yana cikin wuraren da aka fara gwabzawa, har wani jirgin Saudia, kamfanin jiragen Saudiyya, da yake shirin tashi ya samu rauni a ranar, kuma nan take aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Duk wanda ya dubi taswira zai ga cewa Sudan ce ta tare tsakiyar hanyarmu, kamar ƙaton gida a tsakiyar lungu wanda dole sai an kewaye shi. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne a lokacin daga Khartum ake kula da jiragen da ke ratsa saman Sudan ta Kudu a can sama, don haka matsalar ba ta tsaya a iyakar ƙasa ɗaya ba.

Kewayen iri biyu ne. Na kudu yana gangarawa ta Habasha, ya bi ta wajajen Kenya da Yuganda, ya ratsa Kwango da Afirka ta Tsakiya da Kamaru kafin ya shiga Nijeriya, kuma shi ne yake kai tafiyar awa shida da rabi zuwa bakwai. Na arewa yana bi ta Masar da Libiya ya gangaro Chadi, ya fi gajarta, amma ba kowane kamfani ba ne yake yarda jirginsa ya ratsa sararin Libiya. A aikin Hajjin 2023 wannan batu ya jawo doguwar tattaunawa tsakanin Hukumar Alhazai ta Nijeriya da kamfanonin jigila, domin ƙarin awa biyu a sama ƙarin mai ne mai yawa, kuma jirgin da ya ɗauki mai da yawa dole ya rage nauyin kaya. A watan Agusta na wannan shekarar kuma Nijar ta rufe nata sararin na wasu makonni bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, abin da ya sa jiragen da suke bi ta arewa suka sake neman wata hanyar.

Shawarar da nake ba kowa ita ce kada ya dogara da shafukan da ke lissafa nisa a intanet, domin su layin taswira suka sani, ba su san yaƙi ba. Lokacin tashi da lokacin sauka da ke rubuce a tikiti su ne abin dubawa, saboda kamfani yana rubuta su ne bisa hanyar da jirginsa yake bi a wannan lokacin.

Tikitina ya nuna tashi ƙarfe 10:00 da sauka ƙarfe 1:00 na rana. Ashe awa uku ce kawai?

A'a, awa biyar ce. Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti agogon garin da abin zai faru ne: na tashi agogon Jidda, na sauka agogon Kano. Saudiyya tana gaban Nijeriya da Nijar da Chadi da awa biyu cif, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe da take sauya agogonta da rani ko da sanyi kamar yadda ake yi a Ingila, saboda haka bambancin ba ya canzawa duk shekara. Mai tafiya Kano sai ya ƙara awa biyu a kan abin da ya gani, mai zuwa Jidda kuma ya rage awa biyu. Wanda ya bar Kano ƙarfe 2:00 na rana ya sauka Jidda ƙarfe 9:00 na dare, awa biyar ya yi, ba bakwai ba.

Akwai wani tarko da ya fi wannan kama mutane, kuma na gan shi da idona. Wani maƙwabcinmu a unguwar Misfala ta Makka ya karɓi tikitinsa, aka ce masa jirgi zai tashi ƙarfe 1:30 na dare ranar Juma'a. Ya yi sallar Juma'a a Harami, ya yi ɗawafin bankwana, ya ɗaure tsarabarsa ta dabino da jallabiyoyi, bayan Isha'i ya kama hanyar Jidda. Da ya miƙa fasfo, ma'aikacin ya duba kwamfuta ya ɗago kai ya ce masa jirginsa ya tashi tun jiya. Ƙarfe 1:30 na Juma'a yana zuwa ne bayan Isha'in Alhamis, wato daren Juma'a a lissafinmu na Musulunci, ba Juma'a da dare ba. Ya ce wa ɗan da ya rako shi, "Kai ma da ka yi boko ba ka gani ba?" Yaron ya ce, "Baba, ai ba ku ba ni takardar ba sai yanzu." Duk jirgin da lokacinsa ya faɗa tsakanin sha biyun dare da asuba, a bar gida tun daren da ya gabaci ranar da aka rubuta.

Zuwa da komawa tsawonsu ɗaya ne?

Nisan ɗaya ne, lokacin ne yake ɗan bambanta saboda iskar da ke can sama. Da sanyi iska mai ƙarfi tana kaɗawa daga yamma zuwa gabas a saman arewacin Afirka da Bahar Maliya, sai ta tura jirgin da ya nufi Jidda, ta kuma tare wanda ya nufi Kano. Da damina akwai wata iskar da take tasowa daga gabas a saman yankin Sahel, ita kuma mai komawa gida take taimaka wa. Bambancin yawanci mintoci ne, ba ya kai a sauya shiri saboda shi.

Idan na bi ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha fa?

A nan ne lissafi yake sauyawa gaba ɗaya. Daga Jidda zuwa Addis Ababa kimanin kilomita 1,400 ne, daga can zuwa Kano kuma kimanin 3,300. Wato bayan mutum ya yi awa biyu da rabi a sama ya sauka Habasha, abin da ya rage masa kusan daidai yake da nisan da ke gabansa tun yana Jidda, domin kudu ya yi, bai matsa yamma ba. Ta Alƙahira jimillar tana kusan 4,300, wato 1,200 zuwa Masar da 3,100 daga can zuwa Kano. Ta Doha kuwa sai an fara juya wa gida baya an yi gabas kilomita 1,300, sannan a dawo a sake ratsa Saudiyya, jimilla ta haura 6,000.

Amma ba kilomitocin ne suke gajiyar da matafiyi ba, zaman jira ne. Jiran jirgi na biyu yana iya zama awa biyu, yana iya zama kwana guda a kan kujerar ƙarfe, kuma tikitin da ya fi araha galibi shi ne mai doguwar jira. Saurayi mai jaka ɗaya zai iya jurewa. Amma ga tsohuwa mai ciwon gwiwa wadda ba ta jin Larabci ba ta jin Turanci, ko mace mai goyo da yara biyu, ina ganin kuskure ne a saya musu irin wannan tikiti don a rage riyal ɗari biyu ko uku, matuƙar akwai jirgin da zai kai su kai tsaye. Araha ba ta ado. Idan kuma dole ce ta sa, a tabbata tikiti ɗaya ne ya haɗa zangon biyu, domin a nan ne kaya suke wucewa da kansu zuwa Kano, kuma idan jirgin farko ya makara alhakin kamfani ne ya nemo wani.

Daga Madina fa, ko zuwa wasu garuruwan da ba Kano ba?

Madina zuwa Kano kimanin kilomita 3,560 ne, ƙarin da bai wuce minti goma zuwa sha biyar ba a sama. Daga Jidda, Maiduguri ce mafi kusa a manyan garuruwanmu da kusan 3,000. Abuja da Sakkwato duk suna wajen 3,700, Yamai 4,000, Legas kuma 4,200, abin da ya sa mai sauka Legas yake ƙara kusan awa guda a kan mai sauka Kano.

Daga ƙofar gida a Makka zuwa ƙofar gida a Kano, awa nawa zan ware?

Makka ba ta da filin jirgin sama, saboda haka tafiya tana farawa ne da kusan kilomita 100 a mota, awa ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi idan hanya a buɗe take. Jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, yana tashi daga unguwar Rusaifa ta Makka ya tsaya a cikin sabon ginin filin jirgin cikin ƙasa da awa ɗaya, amma ba ya karɓar irin manyan ƙunshin kayan da mutanenmu suke tafiya da su. A kuma tantance daga wane gini jirgin zai tashi, domin sabon ginin da ake kira sala ta ɗaya, da ginin arewa, da rumfunan alhazai masu siffar tantuna, suna da nisa da juna, ba a zuwa ɗaya daga ɗaya da ƙafa.

Sai awa uku kafin tashi domin awon kaya da jawazat, wato jami'an duba fasfo. Mai iƙama, wato takardar zama a Saudiyya, ya duba bizarsa ta fita da dawowa (huruj wa auda) a manhajar gwamnati ta Absher tun yana gida, ya tabbata kwanakinta sun rufe ranar dawowarsa, domin ba a gyara wannan a bakin kanta. Sai awa biyar zuwa bakwai a sama, sai awa ɗaya ko biyu a Kano wajen jami'an shige da fice da jiran kaya da kwastan. Jimilla ba ta kasa awa goma, kuma wanda zai wuce Katsina ko Damagaram yana da sauran tafiyar mota a gabansa, wadda bai kamata a yi ta da dare ba. Alhazai lissafinsu daban ne, domin ana kwashe su daga masauki tun da sauran lokaci mai tsawo, kuma jinkirin sawu ɗaya yana shafar duk sawun da ke bayansa.

Yaya batun salla da azumi da ihrami a cikin waɗannan awanni?

Tsakanin Jidda da Kano akwai digiri 30 da ɗoriya daga gabas zuwa yamma, kuma rana tana cin minti huɗu a kowane digiri, wato awa biyu da 'yan mintoci. Mai tafiya Kano yana bin rana ne a baya, don haka yininsa yana ƙaruwa da awa biyu. A watan azumi wannan yana nufin wanda ya ɗauki azumi a Makka ya tashi da rana zai sha ruwa ne idan rana ta faɗi a inda yake, ba idan agogon hannunsa ya nuna magaribar Makka ba, kuma a can sama rana tana jinkirin ɓuya fiye da a ƙasa. Matafiyi yana da rangwamen ajiye azumi ya rama, kamar yadda yake da rangwamen ƙasaru. Alƙibla kuwa tana bayan jirgin da ya nufi Kano ta miƙaƙƙiyar hanya, tana gaban wanda ya nufi Jidda, kuma wasu manyan jiragen Saudia suna da ɗan wurin salla a baya.

Ihrami shi ne ya fi buƙatar shiri, domin jirgi yana cin kusan kilomita 14 a minti ɗaya. Wanda ya jira sai an yi sanarwar miƙati sannan ya tashi neman mayafinsa a jakar da ke sama, ya bi layin banɗaki, kafin ya fito jirgi ya fara saukowa Jidda. Malamai sun yi saɓani a kan ko mai zuwa daga yamma ta kan teku zai iya ɗaukar harami a Jidda, kuma fatawar manyan malaman Saudiyya ita ce Jidda ba miƙati ba ce ga wanda ya zo daga waje. Mafita mai sauƙi ita ce mutum ya yi wanka ya ɗaura tufafin ihrami tun daga Kano, ya bar niyya da talbiyya sai an kusa. Wanda jirginsa zai sauka Madina ba shi da wannan damuwa, zai ɗauki harami a Zul Hulaifa ranar da zai nufi Makka.

'Yan uwanmu na Sudan fa, nasu nisan nawa ne?

Daga Port Sudan zuwa Jidda kilomita 320 ne kacal, ƙasa da awa ɗaya a jirgin sama, dare guda a jirgin ruwa daga Sawakin. Daga Khartum zuwa Jidda kusan 970 ne, zuwa Kano kuma kimanin 2,600, kuma a da Sudan Airways yana haɗa Khartum da Kano. Agogon Sudan yana tsakiya tun 2017: yana bayan Saudiyya da awa ɗaya, yana gaban Nijeriya da awa ɗaya.

Hausawan Sudan ɗin nan kuwa wannan hanya ce ta haife su. Kafin jirgin sama, maniyyaci yakan bar Kano ya bi ta Barno, ya tsallaka zuwa Fort Lamy wadda yanzu ake kira Injamena, ya wuce Abeche da Junaina da Fashir da Ubayyid har bakin Nilu, daga nan ya nufi Sawakin ya jira jirgin ruwa. Idan guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago, musamman a gonakin audugar Jazira bayan 1925, shi ya sa tafiyar takan ci shekaru, wasu kuma ba su ƙarasa ba, wasu sun ƙarasa ba su koma ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar ya samo sunansa ne daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya ja ragowar jama'ar mahaifinsa zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Ko jiragen farko da suka sauka a Kano a 1925, na sojojin saman Ingila ne da suka taso daga Masar suka biyo ta Sudan. Na taɓa zama kusa da wani dattijo haifaffen Makka a jirgin Kano tun kafin yaƙi, yana kallon ɗan allon da ke nuna inda jirgi yake. Bai ce komai ba har muka bar Sudan muka shiga Chadi, sannan ya dubi agogonsa ya ce abin da muka ratsa yanzu cikin awa biyu, mahaifinsa shekara huɗu ya yi a cikinsa, kuma a can aka binne yayarsa.

Wane lokaci ne na shekara aka fi samun jinkiri?

A ɓangaren Kano, hazon hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu. Idan ƙura ta yi kauri har matuƙi ba ya hango titin sauka daga nisan da doka ta gindaya, jirgi yakan yi ta kewaya gari yana jiran sarari, ko a karkatar da shi Abuja ko Legas, ko ma a hana shi tashi daga Jidda tun farko. Fasinja yakan ji haushi, amma wannan doka ba a banza aka kafa ta ba: a ranar 22 ga Janairu, 1973, wani jirgi ƙirar Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano cikin irin wannan yanayi, mutum 176 suka rasu. Da damina kuma hadari yakan tsayar da jirgi, sai dai shi yakan wuce cikin awa ɗaya ko biyu.

A ɓangaren Jidda cunkoso ne, ba yanayi ba: goman ƙarshe na Ramadan da kwanakin bayan ƙaramar salla, sai makonnin kwasar alhazai bayan Arfa.

Yaushe masu tarba za su fita zuwa filin jirgi a Kano?

Kada su fita da lokacin da ke tikiti. Matafiyi ya aika musu saƙo bayan ya zauna a kujerarsa an rufe ƙofa, su ƙirga awannin tafiyar daga wannan lokaci a agogonsu na Kano, su ƙara awa ɗaya ta fitowa. Filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake, mintoci kaɗan daga Fagge da Sabon Gari, don haka wanda ke cikin birni zai iya jira a gida har sai an kira shi an ce jirgi ya taɓa ƙasa. Masu zuwa daga Katsina ko Haɗeja ko Zariya su ne ya kamata su taso da wuri, kuma a ba su lambar jirgin, wato haruffa biyu da alƙaluman da ke bin su a saman tikiti, domin da ita za su duba a waya ko ya tashi, da inda ya kai.